Ku ba yara jari, su koyi lissafin riba da waya

Malamai 'yan uwana na firamare, ga abin da na gwada da 'yan aji biyar a nan Argungu, kuma ya karɓe ni. Na raba su rukuni huɗu, kowane rukuni na ba shi jarin naira 3,000. Rukuni ɗaya suka zaɓi zoɓo. Suka sayi zoɓo, sukari, citta da leda, suka ƙulla 40, kowane naira 100.

Da wayata suka ɗauki hoton kayan, muka tura zauren iyaye na WhatsApp, suka yi ta oda. Sai lissafi a kalkuletar waya: ciniki 4,000, a cire uwar kuɗi, riba 1,000. Ana ta murna, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, kuɗin ƙanƙara fa?” Naira 500 ne, mun manta. Riba ta koma 500. Wallahi wannan tambayar ta fi mini duk darasin allo.

Ku bar su su rubuta kowace kashewa da kansu, ko ta leda ce. Wayar dai ta zauna hannunku, kuma a ɗauki hoton kaya, ban da fuskar yara.