Yadda iyaye za su shirya ɗalibin aikin jinya na soja don horon bazara

Horon da ake yi wa ɗaliban aikin jinya na soja a hutun bazara yakan zo fuska biyu: atisaye a fili da aiki a asibitin soja ƙarƙashin wani ma'aikacin jinya mai kula da su. A Amurka, alal misali, zaman asibitin yakan ɗauki kusan mako 4. Mafi yawan taimakon da za ku iya bayarwa, kafin tafiya ne, kuma wasu shirye-shiryen kan ɗauki watanni.

Ku fara da takardun lafiya, domin su ne ke cin lokaci. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B a tsarin da aka saba sau 3 ake yi: yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 daga ta farko. Wanda ya tuna da ita ana saura mako biyu ya makara. A duba gwajin tarin fuka, da takardar shaidar koyon farfaɗo da numfashi, wadda yawanci shekara 2 take yi ta ƙare. Sannan ɗalibin ya san rukunin jininsa na sikila. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensa, yana iya yin horo, amma motsa jiki mai tsanani cikin zafi da ƙarancin ruwa na iya kayar da shi, don haka likitan sansanin ya sani tun farko.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana aiki cikin zafi kafin ya saba, shi ya sa wanda ya fito daga ɗakin karatu mai sanyi ya faɗa fili yake fara jigata. Ya riƙa tafiya da jaka a baya kullum, daga minti 30, yana ƙarawa a hankali. Game da ruwa kuwa, iyaye kan ce “sha da yawa” su tsaya nan, alhali wuce lita ɗaya da rabi a awa guda na iya tsinka gishirin jini har a kai ga ruɗewa da jijjiga. A sha kaɗan-kaɗan, kuma kada a tsallake abinci, don daga nan gishirin ke dawowa. Fitsari mai launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani alama ce ta narkewar tsoka; wannan na likita ne nan take, ba na haɗiyar Ibuprofen ba, wanda ke ƙara wa ƙoda nauyi idan jiki ya bushe.

Sabon takalmin soja ba a fara sa shi a sansani. A saya da wuri, a yi ta tafiya da shi har ya yi laushi. Safar auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Ta ulu ta fi, kuma a samu isassu don canzawa sau biyu a rana. Da zarar wuri ya fara zafi a dunduniya, a manna filasta kafin fatar ta kumbura.

A ɓangaren asibiti, ku ja masa kunne kan abu ɗaya: idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soke shi, ya wanke wurin da sabulu ya kai rahoto a take. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma ɗalibai kan ɓoye saboda tsoron faɗa.

Sau da yawa ana karɓe waya a kwanakin atisaye, saboda haka shiru ba alamar matsala ba ce. Kafin ya tafi, ku rubuta sunan rundunarsa, lambarsa, da hanyar da hukuma ta tanada don isar da saƙon gaggawa kamar rasuwa. Kiran kwamanda don jin ko ya ci abinci kunya kawai zai jawo masa a gaban 'yan uwansa. In ya kira, kada ku nemi hoton majinyata ko na cikin sansani, domin hakan na iya sa a hukunta shi.