Jinyar Gida a Lokacin Zazzaɓin Lassa: Kurakuran da Aka Fi Yi

Da zarar rani ya shigo, daga Disamba zuwa Afrilu, zazzaɓin Lassa yakan tashi, kuma Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ya fi addaba. Ɓera ne ke ɗauko cutar, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, amma idan ta shiga jikin mutum, jininsa da amansa da fitsarinsa da bayan gidansa duk suna iya kai ta ga wani. A irin wannan lokaci wanda ya fi ba ni tausayi shi ne tsohon da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon daji ya kwantar, likita ya ce a koma gida a ci gaba da lallaɓawa. Ba ya zuwa ko'ina. Duk abin da ya same shi, har gado aka kawo masa.

Daga bakin ƙofa ake fara kuskure. 'Yan dubiya goma a kan tabarma ɗaya, kowa sai ya riƙe hannun Baba ya ce "ya jiki?", wani ya yi masa tofi, kofi ɗaya na zagayawa. Zumunci ne, ba mai musu. Sai dai a lokacin annoba mutum ɗaya ko biyu ne ya kamata su riƙe jinyar, a ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗaki, mai zazzaɓi kuwa ya yi gaisuwarsa ta waya. Addu'a daga bakin ƙofa ma tana isa. Kuma babba a gidan ne zai faɗi wannan da bakinsa, domin idan aka bar wa matar ɗa, gobe a ce ta raba tsoho da danginsa.

Sai safar hannu, wadda mutane ke ɗauka kamar laya. Na ga mai jinya ta sa safa ta canja wa tsohuwa famfas, da safar ta amsa waya, ta gyara ɗankwali, ta buɗe kwanon kunu. Ta kare tafinta, ta shafa ƙazantar a ko'ina. Safa ta aiki ɗaya ce: a gama, a cire ta cikinta ya juyo waje, a ƙulle a leda, a wanke hannu da sabulu. Haka malamin asibitin da ke bin gidaje yana sa ƙarin ruwa. Kada kunya ta hana ku ce masa ya wanke hannu a gabanku, ya ɓare sabuwar allura, kuma kada ya ɗora jakarsa a kan gadon majinyaci, don ba ku san gidan da ya baro ba.

Ruwan bilic ma da ka ake haɗa shi, wani ya tsuga da yawa, wani ya ɗiga kaɗan. A duba jikin robar. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, gwangwani ɗaya na bilic ne a gwangwani shida na ruwa. Wannan na wanke fo ne da inda amai ko jini ya zuba, kada ya taɓa fata. A ɗebi gwangwani ɗaya daga cikin wannan haɗin a ƙara tara na ruwa, a jiƙa zanin gado minti 30 kafin wanki, kuma ba a kaɗe zanin a tsakar gida. Kullum sabo ake haɗawa, na jiya ya salance. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, tururinsa guba ne.

Ragowar kunu a ƙarƙashin gado gayyatar ɓera ce. A rufe ko a fitar.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne "maleriya ce kawai". Lassa da zazzaɓi da ciwon kai da kasala take farawa, sai a nufi kemis a haɗo magani har da asfirin ko diklofenak, waɗanda ke ƙara haɗarin zubar jini. Idan majinyaci ko mai jinya ya sha maganin maleriya kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, a tafi asibiti ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, a lambar waya 6232. Maganin ribabirin da ake ba masu Lassa a asibiti ya fi aiki a kwanaki shida na farko, kuma Lassa ba a jinyarta a gida.

Akwai kuma gidan da tsoro ke sa a ƙaurace wa tsoho, a riƙa tura masa kwano daga nesa. Wannan yana min ciwo ƙwarai. Mutumin da ba ya iya motsi sai an juya shi duk awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ɓarke masa a ƙugu da diddige. A ba shi maganin ciwonsa a kan lokaci, a jiƙa masa leɓe, a zauna a yi masa hira.

Idan rai ya yi halinsa kuma ana zargin Lassa, kada iyali su yi gaggawar wanka, domin gawar tana ɗauke da cutar. A kira jami'an lafiya su yi suturar, jama'a su yi salla. Duk wanda ya taɓa mamacin ya sa ido a kan zafin jikinsa har kwana 21.