Hana kurege ɓarnar lambu ba tare da guba ba

Kafin mai lambu a bakin Gulbin Maradi ya ɗana tarko, ya fara tantance wane kurege ne ke masa ɓarna, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙasa, wanda muka fi gani a nan, yana da farin zane a kowane gefe, rami yake haƙa, shi ke tone gujiya bayan shuka. Na bisa ya fi ƙanƙanta, wutsiyarsa doguwa ce mai zobe-zobe, kuma a kogon icce yake kwana.

Ƙarfin na bisa a ƙafa yake. Faratansa masu lanƙwasa ne, idon sawunsa na baya kuma yana juyawa har tafin ya dubi baya, shi ya sa yake saukowa kai ƙasa yana rataye da faratan. Amma duk wannan sai ya samu ɓawo mai kaushi. To, a hana shi wurin kamawa: a yanko kwanon rufi mai santsi, faɗin santimita 60, a naɗe jikin mangwaron da shi, bakinsa na ƙasa ya kai mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kada a kafa ƙusa a iccen. A huda bakunan kwanon biyu a ɗinke da waya, a bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da ɓawo, a riƙa sassautawa duk shekara, in ba haka ba zai shaƙe iccen yayin da yake kauri. Wayar da aka zagaya ta bisa kwanon kuwa tsani aka yi masa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mantawa da wutsiya. Da ita yake daidaita jiki a iska, ya murɗa ta ya gyara inda zai dira. Kuregen bisa na Amurka, wanda ya fi namu girma, yakan tsallake kusan mita biyu da rabi, saboda haka a sassare rassa har su yi nisan mita uku da katanga, rufin ɗaki ko icce na kusa. Reshe guda da aka bari ya isa ya ɓata aikin.

Na ƙasa sai raga ta ƙarfe, a binne gindinta kamar kamu ɗaya. Roba da buhu ba sa tsare shi, domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, gaigaya ce ke rage su.

In ka ga kurege ya kafe ido wuri guda yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, duba da kyau kafin ka sa ƙafa, sau da yawa maciji ko kyanwa ya hango. A kuma ja wa yara kunne kada su kama shi ta wutsiya: fatar na saɓulewa ta bar ƙashi tsirara, ba ta kuma sake tsirowa, ga cizo mai zurfi da sai an wanke da sabulu an je asibiti.