Kurakuran da aka fi yi wajen maganin ƙwari da ruɓar kaktus

Babban kuskuren masu kaktus, shukar nan mai ƙaya da ke jure fari, shi ne garajen fesa magani kafin su san abin da ke damunsa. Da an ga tabo mai ruwan ƙasa a gindi sai hankali ya tashi, alhali sau da yawa tsufa ne kawai, fatar gindin ce ke taurara ta koma kamar ɓawon itace. Sa yatsa ko bayan cokali ka danna wurin. In da tauri kuma a bushe, ƙyale shi. In ya lotsa, ko yana tsatsar ruwa, ko yana wari, to ruɓa ce. Tabo fari ko ɗorawa da ya fito a gefen da ke fuskantar rana kaɗai kuwa ƙuna ce, ba ta yaɗuwa, magani bai da aiki a kanta.

Ruɓa ita ta fi kashe kaktus, kuma a nan aka fi tafka kuskure. Yawan ban ruwa da tukunya marar huji ke ba ƙwayoyin cuta irin su Fusarium da Pythium damar cin saiwa. Saiwar da ta mutu ba ta jan ruwa, sai jikin ya yamushe, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara masa ruwa. Abin na ba ni tausayi, don kulawa ce ta yi yawa. Feshi ba ya rayar da naman da ya riga ya ruɓe. Fito da shi daga tukunya, ka goge wuƙa mai kaifi da sifirit, ka yanke sama da inda ya lalace. Duba fuskar yankan da kyau: in akwai ɗigo ko zobe mai ruwan ƙasa a tsakiya, cutar na nan, sake goge wuƙar ka ƙara yankawa har sai ka ga nama tsaf ba tabo. Barbaɗa garin farar wuta, ka ajiye shi a inuwa mai iska sati ɗaya zuwa biyu, mai kauri ma fiye da haka, har bakin ya bushe ƙamas. Sannan a dasa a sabuwar ƙasa busasshiya mai yawan tsakuwa, kada a ba shi ruwa sai bayan sati guda aƙalla. Tsohuwar ƙasar a zubar.

Farin abu mai kamar auduga a gindin ƙaya, mutane kan ɗauka fumfuna ce. Yawanci ƙwaro ne, milibog, yana ɓoye ƙarƙashin kakinsa yana tsotsar ruwan shukar. Tsoma tsinken auduga a sifirit isofrofil mai kashi 70 ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren shi ne a yi sau ɗaya a bari. Ƙwai na ƙyanƙyashewa daga baya, don haka a maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10 har a daina ganinsu. Tururuwa na zarya a jiki alama ce, ruwan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa take bi. In kuma kaktus ya daina girma ba ka ga komai a sama ba, duba saiwa, akwai irin milibog da ke zaune cikin ƙasa, suna barin farin gari a bangon tukunya.

Launin tsatsa a can ƙolin shuka, inda sabon tsiro yake, aikin jajayen ƙananan dangin gizo-gizo ne da ido ba ya gani sosai. Suna son zafi da busasshiyar iska. Yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe su, sai an nemi wanda aka yi dominsu.

A kula da man darbejiya da ruwan sabulu. Suna iya wanke farin kakin da ke jikin kaktus mai launin shuɗi-shuɗi, kuma in aka fesa da tsakar rana fatar kan ƙone. Gwada a ƙaramin wuri da yamma, ka bar shi a inuwa kwana biyu ka ga yadda zai yi. Sabon kaktus kuma a ware shi sati uku zuwa huɗu nesa da sauran, a leƙa saiwarsa tun ranar da ya shigo.