Katun ɗin yara a Kumasi: ki gyara tashoshi kafin ki miƙa rimot

'Yar'uwa sannu da zuwa Kumasi, Allah Ya sa an zo a sa'a. In kin sauka Aboabo ko Asawase da yara ƙanana, cikin abubuwan farko da zan ce ki kula da su akwai talabijin, don gidan haya ne, kina girki a tsakar gida yaro na ɗaki shi da rimot.

In za ku sa na biya, GOtv da StarTimes sun fi DStv sauƙin kuɗi, kuma da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ake biya daga waya ba sai an je ofis ba. Kafin maigida ya biya ku nemi a nuna muku jerin tashoshin wannan tsarin, don ƙaramin tsari ba ya ɗauke da komai. Wa 'yan ƙasa da shekara 5 ki nemi irin su Nick Jr., Disney Junior, JimJam ko CBeebies, su ne masu waƙa da ƙirga da launuka, magana a hankali. Cartoon Network kam na manyan yara ne, guje-guje da doke-doke, ɗan shekara 3 in ya kalla sai ya tashi ya gwada a kan ƙaninsa.

Inda na fi so ki buɗe ido shi ne tashoshin kyauta. GTV da TV3 da Adom TV da UTV duk suna nan, amma in yaro ya ci gaba da danna rimot zai faɗa wasu ƙananan tashoshi inda za ki ga mutum zaune da jan ƙyalle da tulin kuɗi gabansa wai yana ninka wa mutane, ga lambar waya na yawo a ƙasan allo, wani ma har da rawani da carbi, yaro ya ɗauka malami ne. Wallahi abin na damuna. Ki zauna rana guda ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki goge ko ki kulle da lambar sirri, akasarin dikoda na da wurin yin haka. Da daddare kuma akwai finafinan Indiya da aka juya zuwa Twi, yaren mutanen Kumasi, gida duka ake kallo, amma ba na yara ba ne, gara su kwanta.

Sai maganar harshe. A nan yaro na shiga KG, wato ajin kafin firamare, yana shekara 4, ga Turanci ga Twi, Hausar zango ma ta ɗan bambanta da tamu, in katun ma duk Turanci ne sai ki ga Hausarsa ta fara tsinkewa. Shirin Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana da na Hausa, ki neme shi a YouTube ki sauke lokacin da kike da data, ranar da aka yi dumsor, wato aka ɗauke wuta, ya yi miki amfani. Ki zauna tare da shi ko na minti 10 ne, ki tambaye shi wannan wane launi ne, awaki nawa ka gani, ya ba ki amsa da Hausa.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Da wuya a gidan haya, tunda ko kin kashe taki ta maƙwabciya na kunne ƙofa a buɗe, to ki yi mata magana cikin mutunci tun farko, ki ce Maman wane in ya shigo da yamma don Allah ki koro min shi.