Babi na 6: Ciyar da Jariran Aksolotil da Kula da Su

Aksolotil dabbar ruwa ce dangin kwaɗo, sai dai tana da jela da ƙafafu huɗu, kuma ba ta barin ruwa har ta tsufa. Asalinta tafkin Socimilko ne, kusa da birnin Meksiko. A wannan babi za mu koyi yadda ake raya jariranta. Ku karanta a hankali, 'yan uwa. Wanda bai gane ba ya sake karantawa, babu abin kunya a ciki.

Darasi na 1: Ranar ƙyanƙyasa

Ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan kamar mako 2. Jaririn yana fitowa da tsawon kusan santimita 1. Ku duba rula: daga 0 zuwa 1, shi ke nan tsawonsa. Ba shi da ƙafa ko ɗaya tukuna. Zai kwanta a ƙasan mazubi kamar ba ya motsi. Bai mutu ba. A cikinsa akwai sauran gwaiduwar ƙwai, ita yake ci na kwana 1 zuwa 3. Saboda haka ranar farko kada ku zuba masa komai. Ku yi amfani da wannan rana wajen shirya abincin da zai ci.

Darasi na 2: Abinci

Jaririn aksolotil ba ya cin abin da ba ya motsi. Sai abu ya gifta ta gaban bakinsa yake cafkewa. Garin abincin kifi ba zai yi ba, zai dai ruɓe a ruwa. Abin da aka fi ba shi shi ne artemiya, wato ƙananan jatan lande na ruwan gishiri. Ana sayar da ƙwansu a bushe, ku ne za ku ƙyanƙyashe su.

Ku sami kwalba mai tsabta. Ku zuba ruwa lita 1, ku sa gishiri giram 25 zuwa 30, ku motsa ya narke. Ku zuba ƙwan artemiya kaɗan, rabin ƙaramin cokali ya isa. Ku sa bututun famfon iska ya riƙa kumfa a ciki. Bayan awa 24 zuwa 36 za su fito. Sai ku kashe famfon, ku jira minti 5, ku haska tocila a gindin kwalbar. Masu rai za su taru wurin hasken, launinsu ruwan lemo. Ɓawon zai taso sama. Ku tsotse masu ran da sirinji marar allura, ku bar ɓawon, domin yana iya toshe wa jariri ciki.

To, ga inda mutane suka fi tuntuɓe. Artemiya a ruwan gishiri ta fito, aksolotil kuwa dabbar ruwa marar gishiri ce. Kada ku juye abin da kuka tsotso kai tsaye cikin mazubin jarirai. Ku zuba shi a kan ƙyalle mai laushi, ruwan gishirin ya tsiyaye. Sannan ku zuba ruwa marar gishiri a kai, ku ɗauraye. Bayan kun ɗauraye ne za ku ba su.

Mu sake faɗa tare: a tace, a ɗauraye, sannan a bayar. Mene ne na biyu? A ɗauraye. Madalla. Ku rubuta waɗannan kalmomi a takarda da hannunku, ku manna a jikin kwalbar. Ko da rubutun bai yi kyau ba, ba komai, ku ne za ku karanta.

Na ga masu koyo da yawa suna yin komai daidai, sai a nan su ce ai ɗan gishiri ne, me zai yi? Yau kaɗan, gobe kaɗan, a ƙaramin mazubi taruwa yake yi. Haba jama'a! Mutum ya jira awa 36, sannan ya kasa haƙurin minti 1 na ɗauraya? Wannan ba rashin sani ba ne, ganganci ne. Ku ɗauraye. Ko kuna sauri, ku ɗauraye. Idan wani kuka wakilta ya ciyar da su, ku nuna masa ɗaurayar da idonsa.

Ku ba su sau 1 ko 2 a rana. Idan sun ci, za ku ga cikinsu ya koma ruwan lemo, domin fatarsu shara-shara ce. Ku riƙa haɗa sabuwar kwalba kullum don kada abinci ya yanke.

Darasi na 3: Ruwa

Artemiya ba ta daɗewa a ruwa marar gishiri, cikin 'yan awoyi take mutuwa ta ɓata ruwan. Don haka bayan sun ci, ku tsotse ragowar da sirinji. Ku canza ruwa kullum. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin, sai an sa masa maganin cire kulorin kafin a yi amfani da shi. Sabon ruwa da tsohon su zama sanyinsu ɗaya. Ku sa ma'aunin zafi: digiri 16 zuwa 20 ya yi, idan ya wuce 24 akwai haɗari. Kada ku ajiye su a rana. Kada ku sa tsakuwa a mazubin, kuma kada ku kama su da hannu, ku ɗebe su da cokali tare da ruwansu. Kuma ruwan da za ku ɗauraye artemiya da shi, shi ma wannan ruwan ne da aka cire wa kulorin.

Darasi na 4: Rabawa

Ƙafafun gaba suna fara fitowa, na baya sai bayan wasu makonni. A wannan lokaci manya suna cizon ƙanana, har su cinye su. Ku raba su, manya daban, ƙanana daban, kuma kada ku cunkusa su. Ƙafar da aka cije tana sake tsirowa.

Darasi na 5: Canza abinci

Idan ƙafafun baya sun fito, ku fara ba su ƙananan tsutsotsin ruwa da aka yayyanka. Ku rage artemiya a hankali. A ci gaba da canza ruwa.