Darasi na 7: Auna Nisan Hanya Kafin Ka Hau Doki

Mahayi yakan dubi hanya ya ce, "Ai nan da can ne." Sai rana ta take, doki ya jiƙe da gumi, ba a kai ko rabi ba. Ido yana ruɗin mutum, shi kuwa doki ba ya da bakin faɗin ya gaji. Saboda haka ka auna tun kana gida.

Fara da taswira da zare. Dubi ma'aunin da aka rubuta a gefen taswirar. Idan ka ga 1:50,000, to santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Idan 1:25,000 ne, santimita 4 ke ba da kilomita 1. Kwantar da zaren a kan hanyar, ka bi kowace kwana da shi a hankali, kana dannewa da ɗan yatsa don kada ya zame. In ka kai ƙarshe, ƙulla shi, ka miƙar da shi a kan rula. Kada ka ɗora rula kai tsaye daga mafari zuwa ƙarshe, domin doki ba tsuntsu ba ne. Ka kuma tuna taswira shimfiɗe take, hanyar da ke hawa da gangara ta fi abin da zare ya nuna tsawo.

Dabarar da na fi so ita ce ƙidayar taku. Auna mita 100 a fili, ka bi da dokinka yana tafiya a natse. Ƙirga sau nawa kofaton gaba na dama ya taɓa ƙasa. A ce sau 60 ne. Zuba tsakuwa 10 a aljihun dama. Duk lokacin da ka ƙirga 60, mayar da ɗaya aljihun hagu. Da sun ƙare, ka yi kilomita 1. Kowane doki da takunsa, kada ka ari lissafin na wani.

Agogo ma yana taimakawa. Doki mai tafiya a natse yakan ci kusan kilomita 6 a awa, in yana sassarfa kusan 13. GPS na waya yana da amfani, sai dai yakan yanke kwana, kuma yakan rikice a ƙarƙashin manyan itatuwa.

Aiki: Taswirarka 1:50,000 ce, zarenka ya kai santimita 24. Kilomita nawa ke nan? Awa nawa za ka yi idan dokin yana tafiya a natse?